Gindin Randa: Renon Fujer a Garin Maine

Masu saurarenmu na cikin garin Maine-Sorowa, da na Difa, da Shetimari, da Gudumariya, da ƙauyukan bakin Komadugu, har da ƴan uwanmu na tsallaken ruwa, su Gaidam da Damasak, in iska ta kai muku muryarmu. Ga shirinmu na gida da lambu.

Yau za mu zauna ne a kan wani ɗan tsiro da ba a ci, ba a shan inuwarsa, ko fure ba ya yi, amma duk da haka mutane na ɗauko shi tun daga Yamai ko Damagaram ko Kano, a rungume a cikin mota, su kawo shi har Maine. Masu sayar da shuke-shuken ado suna ce masa fujer. In kun taɓa shiga wani otel ko ofis a babban birni kuka ga tukunya a rataye, ganye kore shar ya zubo ta kowane gefe, kowane dogon ganye da ƙananan ganyayyaki a jere hagu da dama, to shi ne. Ana kawo shi gida da murna, ya yi mako biyu yana sheƙi, a na uku bakin ganyen ya fara ƙonewa, kafin wata ya zagayo daga tukunya sai ƙasa. Sai uwargida ta ce ita ba ta da hannun shuka, ko ta ce bakin mutane ne ya kama shi. Iyayena mata, ku daina zargin hannunku, ku bar maƙwabta su huta. Abin da ke kashe shi a garin nan rana ce, da busasshiyar iska, da kanwar da ke cikin ruwan wasu rijiyoyinmu. Mai gida kuwa, da ya ga ganye ya fara lanƙwashewa, sai ya ƙara ambaliya masa ruwa, ya ƙarasa abin da rana ta fara.

Kafin mu shiga reno, bari mu san wane ne baƙon namu.

Duk shukar da manomi ya saba da ita, gero ne, wake ne, tattasai ne, sai ta yi fure, ta yi ƴaƴa, a samu iri. Fujer ba ya bin wannan hanya. Ku juya bayan ganyensa da ya manyanta, za ku ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, a jere reras, layi biyu. Da yawa in sun gani sai su ce cuta ce, su kankare, wasu ma su yanke ganyen gaba ɗaya. Ku bar su. A cikinsu ne yake ajiye wata ƙura mai laushi wadda ita ce a madadin iri a wurinsa. In ƙurar ta faɗi a wuri mai laima, ba fujer take fitarwa kai tsaye ba. Wani ɗan fallen kore take fara yi, shimfiɗe a ƙasa, bai kai farcen ɗan yatsa girma ba. A jikin wannan falle ne ake samun ɓangaren namiji da na mace, kuma na namijin sai ya yi iyo a cikin ruwan da ya kwanta a kai kafin ya isa ga na macen. In babu wannan ɗan ruwa, zance ya ƙare. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, shi ya bayyana wannan tsari a shekarar 1851. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen duk abin da zan faɗa yau: tsiron da haihuwarsa ma sai da iyo, ba a yi masa tsammanin haƙurin aduwa ko na kalgo.

Tsoho ne kuma ƙwarai. Danginsa sun haura iri dubu 10 a duniya, kuma masana duwatsu sun sami shatar ganyensu a duwatsun da suka haura shekara miliyan 300. Kwal ɗin da ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, wanda kamfanin SONICHAR ke ƙonawa yana ba da lantarki, ragowar dazuzzukan fadama ne na wancan zamani, zamanin da fujer da ƴan uwansa suka cika ƙasa. Wato inda yau ake ganin hamada, a da can gidansu ne. Masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa ma sun san saiwar wani daga cikin dangin, wadda ake kira agugu, ana ba da ita don farar tsutsar ciki. Wani likita ɗan Birtaniya, Dalziel, ya sa ta a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Na ambace ta ne don in ja kunne: irin wannan saiwa tana da dafi, in ta yi yawa har ido takan taɓa. Mai tsutsar ciki ya je asibiti, maganinta na nan, mai araha.

To, a ina yake zama in an bar shi da kansa? A ƙarƙashin manyan itatuwan kurmi, a bakin rafi, a tsagin dutsen da ruwa ke tsattsafowa. Ko a duwatsun Sahara ana samun wasu, amma a maƙale a gefen ruwan da ba ya ƙafewa, inda rana ba ta leƙawa sosai. Akwai wani mai siraran baƙaƙen sanduna da Larabawa suka laƙaba wa rijiya a sunansa, don a jikin bangon rijiya yake fitowa. Wanda aka fi kawo mana nan kuwa shi ne na Boston, wanda aka tsinto a cikin wasu tsirrai da aka aika birnin Boston na Amurka a 1894, kuma asalin kakanninsa ƙasashe masu zafi da yawan ruwa ne. Yana son iskar da laimarta ta kai rabi ko fiye, da zafin da bai wuce digiri 27 ba.

Ku auna wannan da garinmu. Ruwan da muke samu a yawancin shekaru tsakanin milimita 300 ne da 400, kusan duka daga Yuli zuwa Satumba. A Fabrairu da Maris laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari; kowa ya san yadda leɓe ke tsagewa, kaushi ya fashe. Afrilu da Mayu kuwa zafi ya haura digiri 40. Ganyen fujer siriri ne, ba shi da kaurin fata ko kakin da ke hana ruwa fita. A irin wannan iska ruwa na fita ta ganyen fiye da yadda saiwa za ta iya ɗaukowa, ko da ƙasar tukunyar a jiƙe take sharkaf. Shi ya sa za ka ga ƙasa da danshi, ganye kuma a ƙone, ka rasa gane kan lamarin.

Amma a kowane gida na Maine akwai wuri guda da iskarsa ta bambanta da ta sauran gidan, kuma ba sai an kashe ko dala ba. Gindin randa. Uwargida, gobe da rana tsaka ki kai hannunki kusa da cikin randarki, ba sai kin taɓa ba. Za ki ji wani sanyi-sanyi. Randa tana gumi dare da rana, ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, ƙasar da ke ƙarƙashinta kullum a jiƙe, kuma ba wanda ke kafa randa a rana. Inuwa, laima, sanyi, duk sun haɗu a taki ɗaya. Nan za a ajiye fujer, a ɗan matsa da shi gefe yadda masu ɗiban ruwa ba za su taka shi ba. Ba tsakar gida ba, ba kan tagar da rana ke duka ba, ba kuma ƙuryar ɗaki mai duhu ba, domin inuwa yake so, ba duhu ba.

Ga yadda za ku gwada hasken wuri. Da tsakar rana ku ɗaga tafin hannu a saman inda za ku ajiye tukunyar. In inuwar hannun ta fito tsaf, ana ƙirga yatsu, rana ta yi yawa. In babu inuwar sam, duhu ya yi yawa. In ta fito dishi-dishi, to nan ne. Hantsin farko na ɗan lokaci ba ya cutar da shi, amma ranar azahar da ta la'asar su ne maƙiyansa. Kada kuma ku dogara da inuwar bango kaɗai. A nan wurinmu rana tana sauya gefe: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta takan ɗan karkata arewa da tsaka, sauran shekara kuma kudu. Bangon da ya ba ku inuwa a Janairu zai iya bashe ku a Yuni. Sai an sami rufi a sama, rumfa ko baranda, da zana ko bango ta wajen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa.

Mai son ya ƙara masa gata, ga dabarar da ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi, a riƙa jiƙa rairayin. Abin da ke hana tumatir da alayyafo yaushi shi zai sanyaya saiwar fujer. A sa tukunyar shukar a cikin babbar, a jiƙa rairayin safe da yamma. A bazara kuma a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta gefen da iska ke shigowa. In kuna da wasu tukwanen shuka, ku tara su wuri guda, kowace na ba ƴar uwarta laima. Fesa ruwa a ganye da mutane ke yawan yi, ba na hana shi, yana wanke ƙura, amma a iskar Maris kafin ki mayar da moɗa ya bushe. Kada a dogara da shi.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, barkanmu da dawowa. Har yanzu muna kan renon fujer a tukunya, kuma mun iso inda na fi so a buɗe kunne, wato maganar ruwa.

Ƙasar Manga ƙasar kanwa ce da gishiri. Kwarurukanmu, daga nan har Gudumariya da Gure, da su aka san mu, kanwarsu ta ci kasuwanni har cikin Nijeriya tun kaka da kakanni. Arziki ce, amma ba ga wannan tsiro ba. Rijiyoyinmu ba ɗaya suke ba: wata ruwanta garɗi, wata kuwa kana kurɓa ka ji ɗan bauri ko santsi a harshe. Duk lokacin da aka zuba irin wannan ruwa a tukunya, ruwan ya bi iska, gishirin ya zauna. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Bayan wata biyu sai ka ga wani fari-fari ya fito a bakin tukunya da saman ƙasa, in ka shafa da yatsa ya yi gari. In gishiri ya taru haka, saiwa ba ta iya jan ruwa, ko da tana zaune a cikinsa. Alamarsa ita ce bakin ganye ya yi ja ya bushe, sabon toho ya fito a tsuke. Dabino da goriba suna jure wannan, fujer ba ya jurewa.

Wasu sukan ce a tafasa ruwan. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da kanwa, sai ma ta ƙara mata ƙarfi tunda ruwan ya ragu. Wasu su ce a bar shi ya kwana. Kwana yana rage warin maganin da ake sa wa ruwan famfo, wannan gaskiya ne, amma gishiri yana nan inda yake. Abin da ya fi shi ne ruwan sama. A watan Agusta, in an fara ruwa, a bar na farko ya wanke kwano, sannan a tara na baya a jarka, a toshe bakinta, a ajiye a inuwa. Ƙaramar tukunya ba ta shan abin kirki, jarkoki kaɗan za su kai ta nesa. Ruwan Komadugu ma mai daɗi ne, domin daga nesa yake zuwa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ga wanda yake kusa kuma hali ya ba shi damar ɗiba. Ma'aikatan ofis da ke da na'urar sanyaya ɗaki, ruwan nan da ke ɗiga a bayanta yana bin bango a banza ba shi da gishiri ko kaɗan. A tara shi. Ruwan alwala ma ya yi, in dai asalinsa mai daɗi ne. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa, wanda sabulu ko omo ya taɓa, kada ya kusanci tukunyar.

Wanda ba shi da zaɓi sai ruwan rijiya mai ɗan kanwa, to ya riƙa yi wa ƙasar wanka. Sau ɗaya a wata, a kwashe farin da ya taru a sama, a fitar da tukunyar, a zuba mata ruwa mai daɗi a hankali, kimanin cikinta uku, yana fita ta ƙasa yana tafiya da gishirin. Wannan ba zai yiwu ba sai tukunya tana da huda a gindi. Tukunyar da ba huda, ko ta zinariya ce, kabarin fujer ce.

Sau nawa za a ba shi ruwa? Ba ni da lissafin da zan ba ku, yatsanku ne zai faɗa. A tura shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta farko. In an ji danshi, a bari. In an ji ya fara bushewa, a zuba har ya fito ta ƙasa. A bazara wannan na iya zama safe da yamma, a damina kuwa sai a yi kwanaki ba a zuba ba. Abin da ba ya yafewa shi ne ƙasar ta bushe ƙaƙas, ko da yini ɗaya ne. Haka kuma in ta zauna caɓal kullum, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, ganye ya yi rawaya daga ƙasa, ka sunsuna tukunya ka ji tsami. Kuma don Allah, ruwan da ya taru a faranti ko kaskon da ke ƙarƙashin tukunya a zubar da shi. Cikin mako guda sauro ke ƙyanƙyashewa a irin wannan ruwa. Kada garin neman ado a jawo wa yara zazzaɓin cizon sauro.

Sai ƙasar da za a dasa shi. Rairayin tudu zalla ba ya riƙe ruwa, laƙar kwari kuma ta cika riƙewa, ga kanwa. Ku je gindin wata tsohuwar bishiya, gawo ko tsamiya, ku yaye busasshen ganyen sama, za ku tarar da wata baƙar ƙasa mai laushi wadda ganye ya ruɓe ya zama ita. Kashi biyu na wannan, kashi ɗaya na rairayi mai tsabta, da ɗan tsohon takin shanu wanda ya shekara ya daina wari. In da ɓuntun shinkafa da ya ruɓe, ko ɗan dakakken gawayi, a ƙara. A ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta zube. Wajen dasawa kada a binne tsakiyarsa, inda sababbin ganye ke fitowa a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya. A bar wurin daidai da saman ƙasa. Kada kuma a ba ƙaramin tsiro ƙatuwar tukunya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba sai ta yi ta riƙe ruwa har ta yi tsami.

Manoman tattasai, ku nake kallo. Na san hannunku ya saba da takin zamani, kuma na san akwai ragowar ure a buhu. In ya yi yawa a wannan tukunya, zai iya ƙone shi. Ɗan tsohon takin gargajiya da aka jiƙa aka tace, aka sirka har ya yi fari-fari, sau ɗaya a wata a lokacin damina, ya wadatar. A bazara da yake fama da kansa, kada a ba shi komai sai ruwa.

Ƙurar hunturu tana toshe ganye, a riƙa ɗauraye shi da sassafe sau ɗaya a mako. Ganyen da ya bushe a yanke shi daga tushe da almakashi. Ƙwari kuwa, ga yadda za a bambanta su da ɗigon irin da muka ambata: na iri a jere suke, a bayan ganye kawai, ƙwaro kuwa a warwatse yake, har kan sanda, wani fari mai gashi-gashi, wani mai ɓawo, kuma ganyen yakan yi danƙo, tururuwa na hawa. A goge su da tsumma mai laima, in sun yi yawa a yanke ganyen a ƙone. Maganin feshin gona ya fi ƙarfinsa. A ɗora tukunyar a kan bulo saboda gara. Akuya da kaji kuma, wannan ba sai na ce komai ba.

In ya yi wata shida a hannunki yana toho, to kin ci nasara, har ki raba wa ƴan uwa. A farkon damina ake yi. A zare shi daga tukunya, a sa wuƙa mai kaifi a raba curin saiwar biyu ko uku, kowane da ganyensa da tohonsa, a dasa, a ajiye a inuwa sosai na mako biyu. Sabon dashe yana son rufi: a yanke gindin babbar gorar ruwa ta roba mai haske, a kifa a kai, laima ta taru a ciki. Asalin wannan dabara wani likita ne a Landan, Nathaniel Ward, wanda a 1829 ya ga fujer ya tsiro da kansa a cikin rufaffiyar kwalba, ya rayu ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashi da aka riƙa ɗaukar tsirrai da su a jiragen ruwa daga nahiya zuwa nahiya. Sai dai Landan ba Maine ba ce: in rana ta taɓa wannan gora ko na rabin awa, dafa shi za ta yi.

Yanzu bari in gaya muku abin da masu sayarwa ba za su gaya muku ba. Muna da namu fujer a ƙasar nan, kyauta, muna taka shi ba mu sani ba. In damina ta yi nisa, ku duba gefen tabkuna da wuraren da ruwa ya kwanta bai yi zurfi ba. Akwai wani ɗan tsiro mai siririyar sanda, a kanta ganye huɗu a haɗe, suna kwance a saman ruwa. Masana suna ce masa Marsileya, kuma ɗan dangi ne na haƙiƙa. Shi ya san ƙasar nan. In tabki ya ƙafe, yakan bar wasu ƴan ƙwanso masu tauri a cikin laka, su yi shekaru suna jira, ranar da ruwa ya dawo su fashe. A ɗebo shi da lakarsa a sa a daro, a riƙe lakar a jiƙe, ya sha hantsi abinsa. Malaman makaranta, ga darasin kimiyya a bakin tabki, ba sai an sayi komai ba.

Na biyu shi ne Azola, wanda ake samu a ruwayen Afirka ta Yamma masu kwanciya. Ƙanƙane ne ƙwarai, yana yawo a saman ruwa, kore, in rana ta dame shi ya koma ja. Kada a haɗa shi da kainuwa, ita mai faɗin ganye ce kuma ba danginsu ɗaya ba. A cikin ganyen Azola akwai wata ƙaramar halitta da ke kamo sinadarin nitrojin daga iska, wato abin da muke saye da tsada a buhun ure. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renonsa a gonakinsu suna binnewa ya zama taki. In yanayi ya yi masa daɗi yakan ninka kansa cikin ƴan kwanaki, kuma kaji da agwagi suna cinsa. Mai son gwadawa ya sami faffaɗan daro, ruwa kamar tsawon yatsa, ɗan ƙasa da ɗan tsohon taki a gindi, a ƙarƙashin rumfa. Lokacin sanyi ya fi yi, zafin bazara yana kashe shi. A riƙa leƙa ruwan, in an ga ƴaƴan sauro a zubar a sake. Masu shinkafa a Tam da sauran fadamun bakin kogi, ku tuntuɓi malaman gona a kan wannan.

Amma a nan akwai kashedi babba. Duk wani tsiron ruwa da aka sayo daga birni don ado, kada a kuskura a zubar da shi a Komadugu ko a tabki. Akwai wani ɗan dangin nan mai suna Salbiniya, asalinsa Barazil, wanda ya rufe sassan tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ya kuma shiga kogin Senegal a 1999, ya toshe hanyoyin ruwa, ya hana masunta jefa taru, sai da aka kawo wani ƙwaro mai cinsa kafin a shawo kansa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga abin da kacalla ta yi wa fadamunsu. Kogin da tattasanmu da shinkafarmu suka dogara da shi ba ya bukatar wani sabon baƙo. In kun gaji da tsiro, ku shanya shi a rana ya bushe, ku ƙone.

Ra'ayina kuwa, tunda kun saurare ni har nan, ba zan ɓoye ba. Fujer na birni ba na kowane gida ba ne a Maine. Gidan da ake sayen ruwa a kura, ko wanda ba rumfa, ko mai gidan da ke tafiya ya yi mako ba wanda zai duba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai wani da ake sayarwa da sunan fujer, mai ganye sirara da ƴar ƙaya da jajayen ƴaƴa. Ba na gaskiya ba ne, dangin asparagus ne, amma ya fi jure mana, sai dai a hana yara cin ƴaƴan. In kuwa ruwan da ke hannunka na tukunya ɗaya ne tak, ni dai zogale ko ɗan bedi zan ce ka rena a leda, ka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, domin garin da tudun rairayi ke matsowa kwarurukansa ya fi bukatar itace. Wanda kuma Allah ya hore wa inuwa da ruwa mai daɗi, yana son ya buɗe ido da safe ya ga kore a gidansa, ba wanda zai ce ya yi almubazzaranci. Ya fara da tukunya ɗaya, ya saye ta a farkon damina ba a bazara ba, ya kai ta gindin randa.

Mai tambaya ya aiko mana ta lambar gidan rediyo, ko ya leƙa wurin ma'aikatan gandun daji da ke garinsa, su ma sun san renon tsiro a tukunya. Nan za mu dakata.